Wanzamin da Ya Ce Jininmu Ragi Yake So

Daga Allah muka zo, gare shi kuma kowannenmu zai koma. Kawu, wan mahaifiyata, ya koma ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar ɗaurin damman hatsi. Ina cikin aji a Malbaza, inda nake mushen lakwal, wato malamin makaranta, aka kira ni a salular direktan makarantar, domin lokacin ban mallaki tawa ba. Kafin in samu motar garinmu Tajaye an riga an yi masa wanka, ni kaɗai ake jira a yi salla.

Ban taɓa ganin ƙofar gidan ta cika haka ba. Wani tsoho ya cire hularsa yana shafa kansa, yana cewa, "Shekara arba'in hannu guda ka taɓa kan ga. Yanzu wa zan miƙa ma shi?" Direbobin siminti biyu sun aje motocinsu bakin hanya da kaya a kai, sun ƙaraso da ƙafa. Akwai wani Bafillace da ya baro shanunsa, akwai wani jandarma, jami'in tsaro baƙon ƙasar, da Hausarsa ba ta nuna ba, yana ta maimaita "Allah jiƙai, Allah jiƙai." Malamin asibitin Ƙwanni ya zo a kan babur, da ya zauna sai ya ce, "Mun yi rashin abokin aiki." Waɗansu suka dubi juna, don ba su san abin da ya haɗa wanzami da asibiti ba.

A cikin gida na tarar da Iya, matar wani wan Kawu da ya daɗe da rasuwa. Ba ta kuka. Ta jingina da bango, duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta ce, "Shi ɗai na bai taɓa ƙin cin tuwona ba." Babban Kawu kuwa, wato babban wansu duka, wanda har yau yake raye, ya tsaya har aka gama rufe kabari. Ya kakkaɓe hannunsa ya ce, "Ni ab babba, amma shi ag gaba."

Ina rubuta wannan ne saboda 'ya'yana. Idan na yi shiru, abin da za su sani kawai shi ne kakansu wanzami ne mai keke. Ba za su san cewa, bayan ikon Allah, shi ne dalilin da ya sa ubansu bai riga shi shiga ƙasa ba.

Kawu gajere ne, marar jiki, baƙi ƙirin. Zabirarsa ta aska da ƙahoni kullum tana rataye a kafaɗar hagu, har kafaɗar ta ɗan karkace. Yakan ci kasuwar Badaguishiri, da ta Illela, ya zo Malbaza ƙarshen wata lokacin da ma'aikatan siminti ke son gyaran fuska. Ba shi da hira in yana aski, sai tambaya guda da ba ta wuce shi: "Wa ya haihe ka? Uwarka fa, ɗiyar wane gida ta?" Mutane na yi masa dariya, suna cewa wanzamin nan ya fi mai unguwa bin diddigi. Bai taɓa shiga lakwal ba, amma in ka faɗa masa sunan kakarka yau, bayan shekara goma zai tambaye ka lafiyar jikokin ƙanwarta.

Yana da waɗansu ɗabi'u da muke ɗauka tsiya ce kawai ta tsofaffi. Ranar layya ba ya taɓa hanta, ko an kai masa sai ya miƙa wa maƙwabci. Kowane cin abinci sai ya bi shi da shayi mai ɗaci. Kuma duk tsayuwar wata sai ya hau keke zuwa Illela wurin wani abokin sana'arsa, ya tuɓe riga a kafa masa ƙaho a baya, ko da lafiyarsa lau. Fiye da shekara arba'in yana haka. In an tambaye shi sai ya ce, "Sauke kaya nika yi."

Gidan su mahaifiyata akwai wani ciwo da ba a son ambatarsa. Yakan kama namiji in ya doshi arba'in. Farko gajiya ce, mutum ya yi kwana ya tashi kamar ya yi huɗa. Sai gaɓoɓin yatsu biyu na farko su kumbura. Fata ta yi wani irin duhu mai toka-toka, gemu ya fara zuba, ƙishirwa ta hana shi sakat. Daga ƙarshe ciki ya kumbura, idanu su yi rawaya, shi ke nan. Haka ya ɗauki kakanmu. Haka ya ɗauki yayyen Kawu biyu, kowannensu bai yi nisa da hamsin ba. Kawu ne ya aske su suna raye, shi ne kuma ya yi musu wanka da suka mutu. Mutanen gari sun ce sammu ne. Da mijin Iya ya rasu, dangi suka ce ita ta zuba masa wani abu. Ba a kore ta ba saboda 'ya'yanta, amma shekara ashirin in ta aika da tuwo sai a juye wa awaki. Kawu kaɗai ke zama ƙofar ɗakinta ya wanke hannu ya ci, a kan idon kowa.

Mahaifiyata ta haifi tara, ba ta taɓa ko ciwon yatsa ba. Sai da ta bar haihuwa da shekaru, ta haura sittin, sannan fatarta ta fara wannan duhun. Ta rasu da kumburin ciki. Mun ce tsufa ne. Amma daga ranar Kawu ya fara kallon mu, 'ya'yanta, da wani irin ido.

Shekarar da fara ta cinye amfanin gona, ina da talatin da takwas, na fara kasa riƙe alli. In na yi rubutu a allo rabin awa sai yatsuna su ƙage. Ga gajiya. Wani mai sayar da magani a kasuwa ya duba idona ya ce jini ne ya yi mini kaɗan, ya ba ni kwalbar maganin ƙarin jini, mai ɗanɗanon tsatsa. Na sha kwalba uku. Ranar da Kawu ya zo Malbaza ya biyo ta gidana, muka gaisa, sai ya ƙi sakin hannuna. Ya matsa gaɓoɓin nan biyu. Na yi ƙara.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Wata huɗu, Kawu. Alli ne."

Ya ja ni waje cikin rana, ya ɗaga haɓata, ya dubi gemuna, ya dubi bayan wuyana. Sannan ya hango kwalbar a kan tebur.

"Mi a wanga?"

"Maganin ƙarin jini."

Ya ɗauke ta, ya fita, ya tuttule ta a gindin dalbejiya. Raina ya ɓaci, na ce masa ni fa na yi karatu, ba a yi mini haka a gidana gaban matata. Ya bari na gama, ya ce, "Wana na biyu irin wagga kwalba ya sha shidda, ni na sawo mai su da hannuna. Bai ga damina ba. Jininmu ba ƙari shika so ba, ɗana. Ragi shika so."

Na ce, "Ai ciwon mazan gidanku ne. Ni ɗan mace ne."

"Uwarka mi ya kashe ta?"

Ya zauna a kan tabarma ya fara lissafa mini da yatsu. Ya ce ciwon ba ya zaɓen namiji, mace ma tana ɗauke da shi, sai dai muddin tana al'ada tana haihuwa ba ya samun zama a jikinta. Ya ce ba kowane ɗa yake kamawa ba, cikin ɗaki guda sai ya ɗauki wannan ya bar wancan. Ya ce kuma in ya tsallake mutum, ya tsallake zuriyarsa gaba ɗaya. "Dubi babban wana. Ɗiya goma sha ɗaya, jikoki ba iyaka, ko guda babu mai shi." Ya ce shi ma yana da shi, tun yana saurayi ya ji alamun, kuma ya lura duk lokacin da aka yi masa ƙaho jikinsa yakan yi sauƙi.

Ina zaton zai buɗe zabira ya kafa mini ƙaho. Sai ya ce, "Ni iyakar abin da na sani ke nan. Ban san sunanai ba. Kai ka yi lakwal, kai mu inda anka san shi."

Malamin asibitin Ƙwanni ya auna ni, ya ce sukari ya fara hawa, hanta kuma ta ɗan girma, amma ba shawara ba ce irin wadda suka saba gani. Ya rubuta mana takarda zuwa babban asibitin Yamai. Kawu bai taɓa zuwa Yamai ba. Duk tsawon hanya zabirarsa na kan cinyarsa.

Likitan da muka samu mutumin Damagaram ne, bai kai ni shekaru ba. Da farko ni yake kallo, yana mini Faransanci, Kawu na gefe kamar ɗan rakiya. Da na ce ciwon yana bin dangi, ya ɗauki takarda ya ce in faɗa masa su wa da wa. Na faɗi huɗu na tsaya. Kawu ya gyara zama ya ce, "Bari in taya shi."

Ya fara daga kakan mahaifiyata. Likita na zana ɗan akwati in namiji ne, da'ira in mace ce, yana cike na masu ciwo da baƙi. Kawu na faɗin wanda ya auri wa, 'ya'ya nawa suka haifa, wa ya rasu yana yaro, wa ya yi duhun fata, wa ya yi ƙishirwa, wa ya kumbura, yana shekara kusan nawa. Takarda ta cika. Likita ya ɗauko ta biyu ya manna, sannan ta uku. Ya bar Faransanci ya koma Hausa. Can ya aje alƙalami ya ce, "Baba, wa ya koya maka wannan?"

"Kawunansu na aske," in ji Kawu. "Na kuma wanke su."

Likita ya fita ya kirawo waɗansu likitoci biyu, suka tsaya kan takardun suna nuna layi da yatsa. Ɗaya ya tambayi Kawu ko ya taɓa ganin wanda uwarsa da ubansa duk lafiyayyu ne amma shi ya kamu. Kawu ya ce sau ɗaya, amma uban ya mutu a rijiya yana da talatin, ciwon bai samu lokacin nuna kansa ba. Likitan ya dafe baki. Ni kuwa ina zaune, ni mai takardar shaidar koyarwa, ina jin kunyar ranar da na ce masa na yi karatu.

Aka ɗebi jininmu mu biyu. Bayan kwana uku likita ya zaunar da mu ya ce ƙarfe ne. Kawu ya ce, "Ƙarhe? Mu ba maƙera ba na." Likita ya yi dariya ya yi mana bayani. Ya ce a cikin abinci akwai ɗan sinadarin ƙarfe wanda da shi jiki ke yin jini. A bangon hanji akwai wata ƙofa da yake bi ya shiga. In jiki ya ƙoshi, hanta takan aika saƙo a rufe ƙofar. A gidanmu ƙofar ce ba ta jin saƙon, kullum a buɗe take. Jiki kuma ba shi da hanyar fitar da ƙarfe sai ta zubar jini, don haka yake taruwa shekara da shekaru a hanta, da gaɓoɓi, da fata, da zuciya, da wurin da ke daidaita sukari. Ya ce kowane mutum yakan gaji tsarin wannan ƙofa sau biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma a irin namu ɗaya tak in ya lalace ya isa. Saboda haka duk ɗan da mai ciwon ya haifa, ko ya ɗauko ko ya tsira, rabi da rabi ne. Ya ce zai aika jinin waje don a tabbatar, zai ɗauki watanni. Da sakamakon ya zo daga baya, hakan ne.

Kawu na sauraro yana gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin garinsu. Tambaya ɗaya ya yi: "Maganin fa?"

"A riƙa ɗibar jini, Baba."

Ban taɓa ganin fuskar Kawu kamar ranar ba. Bai yi murmushi ba ma. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da na sani da ƙarhi haka, da na danne yayyena na yi musu ko suna zagina."

Likita ya ce kada ya ɗora wa kansa laifi. Ya ce ba zai iya rantsuwa cewa ƙaho ne ya kawo shi waɗannan shekaru ba, amma ƙarfen jikinsa bai kai yadda ake zato ga mai shekarunsa ba, kuma shayi da barin hanta sun taimaka. Sai dai abin da ƙaho ke fitarwa kaɗan ne, ni ba zai ishe ni ba, sai an riƙa cika jaka guda a asibiti kowane mako har ƙarfen ya sauka. Na zaci Kawu zai ji haushi. Ya ce, "To. Ƙahona cokali na, naku ludayi. A yi da ludayi." Likita ya kuma gaya wa Kawu cewa hantarsa ta riga ta taurare, ba za ta koma daidai ba. Kawu ya ce ya sani, yana jin ta in ya sunkuya.

Rigimar ta tashi ne da muka koma Tajaye. Likita ya ce a auna duk wanda ya fito daga mai ciwon. Kawu ya tara dangi a zaure ya faɗa. Babban Kawu ya buga sandarsa a ƙasa.

"So kaka yi ka tona muna asiri? Gobe a ce gidan wane jininsu ba shi da kyau. Wa zai nemi ɗiyanmu? Wa zai ba samarinmu mata?"

"Yaya," in ji Kawu, "asirin ga maƙabarta ta daɗe da tona shi."

"Ciwo da mutuwa na Allah na."

"Na Allah na. Maganin ma nashi na. Kai ya tsallake ka, shi ya sa kaka ganin suna ya hi rai. Ni na wanke ubanmu, na wanke ƙannenka biyu. Ba ni wanke yaran ga."

Bai taɓa ɗaga murya ga wansa ba sai ranar. Babban Kawu ya tashi ya fita. Damina guda cur ba su yi magana ba, ko a masallaci sai dai kowa ya bi ƙofarsa. Kawu bai fasa ba. Ya bi gida gida a kan keke, har ƙauyukan da aka kai 'yan'uwa mata aure. Wani wuri a ba shi ruwa, wani wuri a ce maigida ba ya nan alhali yana jin tarinsa. Kuma duk inda aka tambaye shi, yakan faɗa a fili cewa zuriyar babban wansa ba su da shi, kada wanda ya ƙi su. Wannan maganar ta koma kunnen Babban Kawu. Ranar da aka sa za a tafi Ƙwanni ɗibar jini, da safe sai ga amalankensa na shanu a ƙofar gida don a kai mata bakin titi. Bai zo ba, bai aiko da magana ba. Kawu ya dubi amalanken ya ce, "Ya gaishe ni."

Mutum ashirin da uku aka ɗiba. Ni na kai jinin Yamai cikin kula da ƙanƙara. Kafin in tafi, Kawu ya sa na rubuta sunayen waɗanda yake zato, na rufe a ambulan. Da sakamako ya zo muka buɗe tare da malamin asibitin Ƙwanni. Tara ya faɗa, takwas sun fito daidai. Na taran, ɗan wata ƙanwar su Kawu mai kumburin ciki, ba ƙarfe ba ne, shawara ce irin ta ƙwayar cuta. Akwai kuma wata 'yar Iya mai 'ya'ya biyar, jajir da ita, wadda bai taɓa zato ba, ita ma nata ya fara hawa. Kawu da kansa ya je wurin yaron nan mai shawara ya ce, "Na yi kuskure kanka, na sa ka cikin lissahin da ba naka ba. Tashi mu nemi naka magani." Daga lokacin ya bar aske mutum biyu da aska ɗaya, domin malamin asibiti ya gaya masa ta nan shawara ke bi. Ya koma sayen reza, kowa da tasa, ya aje askar da ya gada wurin ubansa.

Da takardar likita ta iso, ya sa aka tara mata da maza a tsakar gida, ya ce in karanta in fassara. Na karanta. Da na kai inda aka ce ciwon gado ne daga kakanmu, ba ci ba ne ba sha ba ne, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Sake wurin ga."

Na sake. Ya juya wurin Iya, tana can baya kusa da turmi. "Kun ji? Mijinta tun cikin uwatai ya zo da shi. Baiwar Allah ga ba ta zuba mai komi ba." Sai wata gwaggon su Kawu, tsohuwa tukuf wadda ita ta fara furta zargin, ta rarrafa ta kama ƙafar Iya. Iya ta janye ƙafarta, ta shiga ɗaki ta rufe. Ba ta yafe a ranar ba, kuma Kawu ya hana a matsa mata. Ya ce wadda ta jira shekara ashirin, ita ma a jira ta.

Ni kuwa, a faɗi gaskiya, tsoron jini nake. Ranar farko da aka kwantar da ni a Ƙwanni, na ga kaurin allurar, na ce a bari sai wani mako. Kawu ya naɗe hannun riga ya hau gadon da ke kusa, ya ce a fara da shi, ko da yake nasa kaɗan za a ɗiba. Yana kwance yana ba ni labarin wani ɗan dambe da ya suma don ganin ƙaho. Ban ji ƙarshen labarin ba, ni ma na suma. Na farka yana mini fifita da hularsa. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Wata goma sha huɗu, kowace Alhamis, sai ya bar kasuwa ya zo ya zauna gefena, har malamin asibiti ya koya masa ɗaure hannu da neman jijiya. Gajiyar ta tafi, fatata ta washe, hanta ta koma daidai. Yatsuna har yau suna ciwo, sukarin ma yana nan ina lallaɓa shi, amma na haura arba'in da ƙafata. Yanzu sau ɗaya a wata uku ake ɗiba.

Shi nasa ya riga ya yi nisa. Shekara uku bayan tafiyarmu Yamai ya fara ramewa, cikin ya taso. Na ce mu koma wurin likita. Ya yarda muka je, likita ya duba ya ce ƙari ne ya fito a hantar, ya ba shi maganin rage zafi. A mota Kawu ya ce, "Na ci shekara ashirin da yayyena ba su ci ba. In na yi ƙorafi Allah shi tambaye ni."

Juma'ar ƙarshe da na gan shi, bayan la'asar, ya shafa kansa ya ce suma ta dame shi, hannunsa kuma rawa yake. Ya miƙo mini reza. Ban taɓa yi wa kowa aski ba. Na jiƙa kan da sabulu, na fara, na yanke shi wuri biyu. Yana ta gyara mini hannu: "Kwantar da ita. Ja hwata da yatsa. Kai, mushe, ba allo ba na." Da na gama ya shafa ya ce, "Da kasuwa ta, ba ni biyanka." Muka yi dariya har ya riƙe ciki. Babban Kawu na zaune bakin ƙofa yana jan tasbaha, yana yi kamar ba ya jin mu.

Ranar sadakar arba'in, an gama addu'a ana rabon waina, sai ga wani mutum da samari biyu. Ba wanda ya san shi. Ya zauna can gefen baƙi. Ya ce shi mai lambun albasa ne daga wani ƙauye bayan Badaguishiri, wanzami yake nema, sai a bakin gari aka gaya masa. Ya ce kafin damina wanzamin ya yi masa aski a kasuwa, ya tambaye shi asalin uwarsa, ya daɗe yana tambaya, sannan ya ce in an gama aikin gona ya zo Tajaye da 'ya'yansa maza, akwai maganar da ta shafi ransa.

"Ya ce in na ishe shi, to. In ban ishe shi ba, in nemi mushe, ɗan ƙanwatai."

Na ce ni ne. Na dubi mutumin da kyau, na ga abin da Kawu ya gani: duhun fatar nan, da kumburin yatsu. Na ce masa Litinin za mu tafi Ƙwanni tare, shi da yaran.

Mutumin ya ce, "Ni abin da ban gane ba, mi ya haɗa ni da shi? Ban taɓa ganinai ba sai rannan."

Babban Kawu ya tambaye shi sunan uwarsa, da sunan uban uwarsa. Da mutumin ya faɗa, tsohon ya aje tasbaha. Ya ce wannan ƙanen ubansu ne, wanda ya bar Tajaye wata shekarar yunwa tun su suna yara, ba a sake jin labarinsa ba.

"Uwarka ƙanwarmu ta," ya ce. "Wanda munka rufe, kai ma kawunka na."

Mutumin ya dubi samarinsa, ya dubi ƙofar ɗakin Kawu. Babban Kawu ya matsa gefe a kan tabarmar masu karɓar gaisuwa, ya bubbuga wurin da tafin hannu.

"Taso daga nan, wurin baƙi na. Zo nan a yi maka ta'aziyya."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa sauƙin da ya nema wa mutane ya tarar da shi a can.